Kafin Ka Mayar Da Farfela

Abokina, Kakarka, wato amaryarka, ta ce in gaya maka har yau ba ta yafe maka firgita mata kaji ba, kuma idan za ka zo ka taho da sadakin da ka daɗe kana yi mata alkawari. Nawa saƙon ya fi nata tsawo, shi ya sa na ɗauki biro. Ranar da jirginka maras matuƙi ya faɗo gidan maƙwabci ban ce maka uffan ba, don na ga idonka ya riga ya kawo ruwa, ga mahaifinka yana ta faɗa. Faɗa a kan faɗa ba ya shiga kunne. Yanzu da ƙura ta lafa, zo mu yi magana irin ta 'yan sana'a ɗaya.

Kada ka yi dariya don na ce sana'armu ɗaya. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina gyaran rediyo a Sabon Gari kafin ido ya ce in huta. Kafin nan kuma, muna yara, babu irin motar kara da ta langa-langa da ban ƙera ba, har da mai taya na tsohon silifa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ce wannan yaro ba shi da aiki sai tsince-tsince a bola. Da tsince-tsincen nan na ciyar da gidan da aka haifi ubanka. Saboda haka ba na cikin masu cewa kana ɓata lokaci. Yaron da zai tara kuɗin tararsa ya sayi waya da dalma, ya zauna har dare yana haɗa abin da zai tashi sama, wannan ba yaron banza ba ne. A garin nan aka yi wani ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota da tarkacen babur a 2007, har jaridun duniya suka ɗauki labarinsa. Hannu yana nan a ƙasarmu. Abin da kan yi ƙaranci shi ne mai zama kusa da hannun ya ce masa bi ta nan.

Da kuka watse, jirgin yana yashe a zaure. Na ɗauko tabarau da sukudireba na kwance shi, na kuma yi kwanaki ina karanta abin da na samu a kansa, ƙanwarka tana taya ni da wayarta. Gaskiya abin ya burge ni. Ba fiffike, ba wutsiya, sai moto huɗu a kusurwa huɗu, biyu suna juyawa dama, biyu hagu, don kada jikin jirgin ya riƙa katantanwa. Idan ana so ya yi gaba, sai na baya su ƙara gudu ya sunkuya. Idan ana so ya juya, sai masu juyawa gefe ɗaya su rinjayi 'yan'uwansu. A tsakiya ga wani ɗan allo da bai kai akwatin ashana ba, shi ne ƙwaƙwalwar, yana auna karkatar jirgin sau dubbai a daƙiƙa guda, yana aika wa kowane moto umarni ta allon da ke raba musu wuta. Babu hannun ɗan Adam da zai iya wannan saurin. Kai da ke riƙe da rimot roƙo kawai kake yi, allon ne ke tuƙi.

To amma ka lura da abin da wannan yake nufi. Jirgi mai fiffike idan injinsa ya mutu yana iya sulalowa a hankali kamar shirwa. Naka kuwa, moto ɗaya ya tsaya, sai ya faɗo kamar dutse. Duk wannan hikimar, da duk kuɗin da ka zuba, suna rataye ne a kan ɗigon dalma goma sha biyu da suka riƙe wayoyin moto, uku-uku.

Kuma na ga wanda ya ci amanarka. Moton baya na hagu, wayar tsakiya. Na taɓa ta da farce kawai ta fita. Dalmar ta dunƙule a kai kamar ƙwallon fura, launinta toka-toka, babu sheƙi. Mu a runfa muna ganin irin wannan mun san mai aikin ya yi gaggawa. Ka narka dalmar a bakin ƙarfe ne ka ɗiga ta a kan waya mai sanyi, sai ta zauna a kai ba ta kama ba. A rediyon da ke ajiye a kan tebur irin wannan liƙi zai iya shekara bai nuna hali ba. A jikin abin da farfelarsa ke juyawa fiye da sau 20,000 a minti, yana karkarwa, yana buguwa da ƙasa, kwana nawa zai yi?

Ga yadda maigidana ya koya mini, bayan ya sha make mini hannu. Ba dalma ake ɗumamawa ba, wurin da za ta zauna ake ɗumamawa. Ka goge bakin ƙarfen ya yi tas. Ka fara shafa wa wayar dalma ita kaɗai, ka shafa wa allon shi kaɗai, sannan ka haɗa su ka ɗora ƙarfe har su narke su zama abu ɗaya. Ka janye ƙarfen, hannunka kuma kada ya motsa sai ta daskare. Liƙi mai kyau yana sheƙi, yana kwanciya kamar an zuba mai, kana iya ganin siffar wayar a cikinsa. Wayoyin batir masu kaurin nan sun fi shan zafi, ƙaramin ƙarfe ba ya iya musu, sai ka yi ta dannawa har allon ya ƙone dalma ba ta narke ba. Idan ka gama, ka ja kowace waya da yatsa, ja na gaske. Wadda za ta fita gara ta fita a hannunka. Ka nemo mataccen rediyo ko tsohuwar caja ka yi ta koyo a kai, liƙi ɗari, ɗari biyu, kafin ka sake taɓa allon da aka sayo da dala.

Ni ma na taɓa yin irin taka. Ana jajiberin Sallah, runfa ta cika, wani direba yana tsaye a kaina yana so ya ji sanarwar ganin wata. Na sa wa rediyonsa kwandansa a juye, ƙafar da ta kamata ta je nan ta je can. Ina kunnawa ta fashe, tau! Takarda da wari suka cika mini gemu, direban ya yi waje da gudu ya bar hularsa. Na ga kai ma akwai irin wannan kwandansar a bakin wayoyin batirinka. Tana da gaba da baya, ka duba zanen da ke gefenta sau biyu.

Akwai wata dabara da ta sa na yi murmushi ni kaɗai. Mu da, idan za mu kunna rediyon da ba mu yarda da shi ba, sai mu ratsa ƙwan fitila a kan wayar wuta. Idan wayoyi sun haɗu a ciki, ƙwan zai haska ƙwal ya shanye wutar, rediyon ya tsira. Ashe masu haɗa irin jirginka ma haka suke yi, da ƙwan fitilar mota ko wata 'yar na'ura mai aiki iri ɗaya, ranar da za su fara jona batir. Kai ba ka da ita. Kafin ma a kai nan, ka sa mita a bakin wayoyin biyu, ja da baƙa, ka tabbata ba su haɗu ba. Kuma kada ka kuskura ka ba na'urar da ke aiko da hoto wuta alhali ba ka ɗaura mata eriya ba, za ta dafa kanta. Wannan dokar ta girme ka, ta girmi ubanka, duk mai aikin rediyo ya san ta.

Farfela kuwa, duk lokacin da jirgin yake kan tebur, ko an jona shi da kwamfuta ana saiti, a cire ta. Ko da gwajin minti ɗaya ne. Roba ce, amma a wannan gudun aska ce, tana tsaga yatsa har ƙashi, ga ƙannenka kullum suna zagaye da kai da idanu a buɗe. A haka, ba farfela, za ka yi gwajin da na tabbata ba ka yi ba: ka tada moto, sannan ka kashe rimot. Idan suka tsaya, madalla. Idan suka ci gaba da juyawa, to ka san ranar da saƙo ya yanke a sama, jirginka zai kama gabansa ba mai tsayar da shi sai ƙarewar batir, kuma ba kai za ka zaɓi kan da zai sauka ba.

Yanzu batir. Duk abin da na faɗa a baya hasarar kuɗi ce ko ta yatsa, wannan kuwa maganar gobara ce. Irin batirin nan mai laushi ba kamar na tocila ba ne. Kowace ƙwaya a cikinsa tana cika ne a bolt 4.2, kada ta wuce. Idan ka zuƙe ta ta yi ƙasa da bolt 3 ka lalata ta. Idan kuma za ka ajiye shi kwanaki, ba a cike ake ajiyewa ba, ana sauke kowace ƙwaya zuwa wajen bolt 3.8, cajar kirki tana da wurin yin haka. Naka mai ƙwaya huɗu ne, na kuma ga gefensa ya loɓa wajen faɗuwar, ya fara kumbura kamar burodi. Wannan ya gama aiki. Kada ka ce bari in ɗan ƙara morarsa. Idan irinsa ya kama, wuta yake fesowa da hayaƙi mai guba, kuma ƙwaya ɗaya tana kunna ta kusa da ita.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne halinmu na gida. An kawo wuta ƙarfe ɗaya na dare, kowa ya zabura ya jona abin da zai jona, ya koma barci. Waya ta jure wannan, batirin jirgi ba ya jurewa. Ba a cajinsa sai kana zaune a wurin ido biyu, ba a kan katifa ba, ba kusa da labule ba. Na ware maka wata tsohuwar tukunyar ƙasa ta kakarka, na zuba yashi a gindinta, a ciki za ka riƙa caji kana ajiya, a kan siminti. Kada ka bar shi a ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, balle cikin mota a rana. Wanda ya mutu kuma a zuƙe masa wuta tas kafin a rabu da shi, kada a jefa shi bola da ransa, inda yara ke tone-tone kuma ake cinna wa shara wuta.

Duk wannan gyara ne, hannu zai koya. Abin da ya sa na ɗauki biro daban ne.

Ka tuna lokacin da Malam maƙwabcinmu ya shigo zaure da jirgin a cikin buhu? Ya faɗa masa tsakar gida, ya fasa randa, taku kaɗan daga inda iyalinsa ke wanke-wanke. Ka lura bai yi maganar randa ba? Bai ma ce an kusa fasa wa wani kai ba. Ya nuna 'yar kyamarar da ke goshin jirgin ne kawai ya ce, “Alhaji, wannan idon fa, me ya gani?” Shekara arba'in muna maƙwabtaka da mutumin nan, ban taɓa rasa amsar da zan ba shi ba sai ranar.

Ka ce ba ka ɗauki hoton komai ba, kai dai kana ƙoƙarin juyo da shi ne. Na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma shi ta yaya zai sani? Dubi yadda kakanninmu suka tsara gida. Baƙo ya tsaya a ƙofa ya yi sallama. Idan an amsa ya shiga zaure. Ƙofar zaure ta ciki ba ta kallon ta waje, an karkatar da ita da gangan don kada idon mai wucewa ya zarce. Bayan nan ga fili, ga shigifa, sannan cikin gida, inda mace za ta ajiye mayafi ta yi daka, ta yi wa yaro wanka, ta shimfiɗa tabarma ta sha iska. Tsakar gida ba ta da rufi saboda ba a taɓa zaton ido zai zo ta sama ba. A unguwarmu, muna yara, idan magini zai hau soro yaɓe kafin damina, sai an tura yaro gidajen maƙwabta ya ce za a hau sama, a kintsa. Mai hawan dabino ma haka. Duk tsayin katangar Malam, an gina ta ne don mai tafiya a ƙasa. Kai ka zo da abin da bai san sallama ba, bai san zaure ba.

Sojojin samanmu ma da suka ƙera nasu, wanda aka ƙaddamar a Kaduna a 2013 sun sa masa suna Gulma, na 2018 kuma Tsaigumi. Ka ga su sun san aikin abin tun daga suna. A fagen daga wannan yabo ne. A cikin unguwa kuwa ba na so a laƙaba wa jikana ko ɗaya daga cikin biyun. Kuma ka san garin nan, ba a cewa jirgin wane ya leƙa, cewa ake yi jikan wane ya leƙa.

Za ka ce to sai ka fita bayan gari. Haka ne, can ya dace, amma can ma akwai masu wuri. Zamanin da muke ciki, ƙugin abu a sama ba abin wasa ba ne ga mutumin ƙauye. Ba a manta da Tudun Biri ba, a ƙaramar hukumar Igabi ta Kaduna, inda jirgi maras matuƙi na soja ya yi kuskure ya kai wa masu taron Mauludi hari a daren 3 ga Disamba, 2023, aka rasa rai fiye da 80. Manomin da ya ji naka yana shawagi a kan gonarsa bai san na ɗan makaranta ba ne. Zai iya kwashe 'ya'yansa da gudu, zai iya kuma tara maka jama'a. Kafin ka buɗe jaka, ka je wurin mai unguwa ko dagaci ka gaishe shi, ka nuna masa abin a hannu, ka bar yara su taɓa. Ka kauce wa garken shanu da dawaki. Idan ka ga shirwa ko shaho sun fara zagaye, ka sauko, sararin nasu ne, sukan kai hari. Da hunturu kuma ka riƙa busa moto huɗun nan, maganaɗisun cikinsu yana tsince ƙurar ƙarfe daga yashi, sai ka ji suna gurzawa.

Hukuma ma tana da magana. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta sanar cewa ba a tada irin waɗannan jirage sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A farkon 2025 kuma sojoji sun hana tashinsu a Arewa maso Gabas, saboda masu tada ƙayar baya sun fara amfani da su. Ka je ka binciko yadda ake rajista tun ba a tare ka a hanya da jakar wayoyi da batura ba, don ranar ba za a saurari bayanin sha'awa ba. Ƙasashe da yawa sun tsayar da iyaka a mita 120 sama, kuma jirgin kada ya ɓace wa idon mai shi. Ka riƙe wannan ko ba wanda ya tilasta maka. Sannan ka tuna filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin gari yake, ba a daji ba, gidaje sun kewaye shi. A Disamban 2018 rahoton ganin irin jirginka kawai ya sa aka rufe filin jirgin Gatwick na Ingila, tashi da sauka wajen 1,000 suka rikice, matafiya kusan 140,000 suka yi cirko-cirko ana gab da Kirsimeti. Ka ƙiyasta a ce lokacin jigilar alhazai ne a nan, kuma aka ce daga unguwarmu abin ya tashi. Kusa da bariki, da gidan yari, da gidan gwamnati, da kan taron jama'a, ko da hawan Sallah ne, ba wurinka ba ne.

Maganar kuɗi ba zan tsawaita ba. Kayan nan daga Sin suke zuwa, da dala, a yi makonni ana jira. Kada kuɗin makaranta ya shiga ciki, kada bashi ya shiga. Araha ba ta ado, musamman a batir da caja. Kuma ka fara da babba ne tun ba ka iya tuƙi ba: abu mai nauyin fiye da rabin kilo, mai gudun da ya wuce kilomita 100 a awa, batirinsa kuma minti huɗu ko biyar ya ƙare. Akwai 'yan ƙanana da ba su fi tafin hannu ba, farfelarsu a killace, ko sun bugi mutum sai dai dariya. Akwai kuma manhajar kwaikwayon tuƙi a kwamfuta, ka jona rimot ɗinka ka faɗi sau dubu ba ka karya komai ba.

Mahaifinka yana tambaya me za a samu a ciki. Na ce masa ya yi haƙuri. Na karanta labarin wani saurayi ɗan Meziko, Jordi Muñoz, da ya ciro na'urar auna motsi daga abin wasan Nintendo ya haɗa ta da ɗan allo don ya daidaita jirgin wasansa, yana gasa allunan a tandar burodi ta lantarki. A 2009 shi da Chris Anderson, editan mujallar Wired, suka kafa kamfanin 3D Robotics. Mai kamfanin DJI, wanda ya mamaye kasuwar duniya, shi ma yana ɗalibi a Hon Kon ya fara, a 2006. Ga kamfanin Zipline da ya soma kai jini asibitocin Ruwanda a 2016, ya shiga Ghana a 2019, yanzu har a jihar Kaduna yana kai magani ƙauyuka. Duk suna buƙatar hannun da ya iya liƙi da kan da ya san batir. Sai dai ban faɗa masa haka don in yi maka alkawarin arziki ba. Ni da nake ƙera motar kara ban san za ta kai ni Sabon Gari ba, daɗinta kawai nake ji, kuma ko da ba ta kai ni ko'ina ba ban yi asara ba.

Ranar Asabar ka zo da sassafe. Na sa an nemo mini tsohon ƙarfen dalmata a cikin akwati, har yanzu yana zafi, zan zauna kusa da kai ka sake liƙin nan goma sha biyu ina kallo. Amma kafin mu zauna za mu shiga wurin Malam da sabuwar randa. Kai za ka saya, kai za ka ɗauko ta a ka, kai za ka yi sallama, kuma za ka miƙa masa ɗan katin kyamarar ya sa ɗansa ya buɗe a gabansa. Idan mun gama da wannan, kawunka ya ce an sare kara a gonarsa ta hanyar Bichi, fili ya buɗe, dagacin garin kuma abokina ne tun muna samari. Farfelunka huɗu suna cikin aljihun babbar rigata, biyu sun karye, biyu suna da sauran rai.